Daga Bakin Gareji: amsoshin tambayoyinku kan tsofaffin jif

Assalamu alaikum jama'a, ya zafi? Wannan karon saƙonnin da suka taru min yawancinsu kan jif ne, tsofaffin nan da aka shigo da su tokumbo suka ƙara tsufa a hannunmu, sai na ce bari in haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunaye da lambobin waya kamar yadda muka saba. Masu turo min saƙon murya na minti tara kuma don Allah a tausaya min, a faɗi irin motar da shekararta da abin da take yi, labarin yadda aka saye ta a bar shi sai mun haɗu.

Tambaya: Slm Injiniya. Ina da Highlander 2004 mai silinda shida, shekara bakwai tana hannuna ba ta taɓa sa ni ciwon kai ba sai bana. Cikin gari lahiya lau take, amma da na ɗauki hanyar Yauri kafin in kai Koko allurar zafi ta haura sai na tsaya ta huce in ƙara mata ruwa. Makanikena ya cire tamostat tun bara ya ce na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye da an murɗa makulli take juyawa, amma abin bai bari ba, yanzu kuma ya ce tof gasket ne sai an sauke kan injin. Mi ka gani? Daga ɗan kasuwar albasa, Aliero.

Amsa: Alhaji kar ka yarda a sauke kan injin nan tukuna. Amsarka tana cikin tambayarka ai, ka ce cikin gari lafiya lau, sai a kan titi take zafi. Motar da fankarta ta lalace a tsaye take zafi, a cunkoso ko an bar ta kunne a ƙofar kasuwa, da ta samu hanya iska ta bugi lagireto sai allura ta sauko. Taka akasin haka take yi, wato iska na nan har ta yi yawa, ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata ko kuma lagireton ya toshe ba ya iya sauke zafin da injin ke haifarwa in an taka shi. To ka ga haɗa fanka kai tsaye an bar jaki ne ana dukan taiki, ba abin da ya ƙara maka sai cinye batir da gajiyar da motar fankar.

Ban tambaye ka irin ruwan da kake zuba mata ba don na sani, na rijiya ne ko fiya wata, duk haka muke yi. Kwanaki aka kawo min irin taka sak, na sa yaro ya ɓalle murfin robar da ke saman lagireton don mai motar ya gani da idonsa, wallahi ramukan nan sama da rabi sun cushe da wani jan laka kamar busasshen kunun kanwa, ka sa tsinke ka tura ya ƙi shiga. Tsatsa ce da gishirin ruwa na shekaru. Daga waje kuma tsakanin lagireto da kwandensan AC muka zaro ƙaiƙayin shinkafa da gashin kaza da leda, an cika roba guda. Mutumin sai salati yake yi, shi da ya zo da kuɗin gasket a aljihu.

Maganar tamostat na ƙasar sanyi ne, wannan karatun ya daɗe yana yawo a garejinmu kuma ba gaskiya ba ne. Motocin da Toyota ke kaiwa Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, can ɗin sanyi ake yi? Na irin injinka yana fara buɗewa ne a digiri 82, aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Kuma a injina da yawa idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya shiga lagireto ba, to da ka cire shi wannan hanyar ta zauna a buɗe kenan, wani ruwan sai ya riƙa kewaya injin da zafinsa bai taɓa ganin lagireto ba. Da sanyin hunturu kuma injin ya ƙi ɗumama, ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka har yanzu asuba ce ta yi ta zuba fetur. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Ga abin da za ka yi. Da safe kafin a tada ta, injin na sanyi, buɗe murfin lagireto ka cika shi, a tada mota ka tsaya kana kallon bakin. In ka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ya yankewa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar taya tun injin bai yi zafi ba, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan ta ɗumama, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ga ya koma kalar shayi da madara, to makanikenka ya yi gaskiya ka ba shi haƙuri a madadina. In babu ko ɗaya, a mayar da tamostat na asali, a mayar da fanka kan wayarta, a canza lagireto, sabo nake nufi don wankin da ake yi da omo ba ya fitar da abin da ya daskare, a sa sabon murfi domin murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, sannan a zuba ruwan lagireto na galan ba na rijiya ba. Kuma ka tambayi kanka yaushe rabon a canza taimin bel, don a wannan injin shi ke juya famfon ruwa, ƙa'idarsa mil 90,000 wato wajen kilomita 145,000, in za a canza a haɗa da famfon gaba ɗaya aiki ɗaya ne. Kar dai ka sake ka buɗe murfin nan tana tafasa, na san masu tabo a fuska saboda shi.

Masu Highlander mai silinda huɗu na waɗannan shekarun ku kuma naku daban ne, injinku da ake kira 2AZ yana da halin cinye zaren kusoshin kan silinda ta baya, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan injin, sai a sa sabon gasket wata biyu ya dawo don ba a gyara ramin kusar ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Motata Lexus RX300 ce, maigidana ya bar min ita Allah ya jiƙansa, da ita nake zuwa aiki Kalgo kullum. Wata biyu kenan ta daina shiga giyar ƙarshe, in na kai gudu ɗari sai injin ya yi ta kuka allura ta wuce dubu uku, ga wutar cek injin a kunne ga shan mai. An ce min giyabos ɗin ya mutu sai an sayo wani daga Kano, kuɗin da aka faɗa min wlh ko albashina na wata huɗu bai kai ba. Daga wata malamar asibiti, Birnin Kebbi.

Amsa: Amin Hajiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Gaskiya ne giyar RX300, waɗanda aka yi daga 1999 zuwa 2003, ba ta cikin masu ƙarko musamman mai jan ƙafa huɗu, shi ya sa da an ji ta yi tari sai a ce giyabos. Amma abin da kika kwatanta, wuta a kunne kuma giyar ƙarshe kaɗai ta ɓace sauran suna shiga sumul, ya fi kama da wani ɗan abu da ake kira nok sensa. Guda biyu ne a kwance a tsakiyar injin ƙarƙashin manifol, aikinsu sauraren ƙarar ƙonewar mai, idan ɗaya ya mutu ko wayarsa ta bushe ta karye saboda zafi ko ɓera ya ci, sai ƙwaƙwalwar motar ta tsorata ta rage wa injin ƙarfi ta kuma hana giya ta huɗu shiga da gangan. Giyar lafiyarta ƙalau, hana ta aka yi.

Ki je wurin mai na'urar sikanin, ki tsaya a kansa ya nuna miki lambar da ta fito ki ɗauke ta a waya. In kin ga P0325 ko P0330 to shi ne. Ki ce ya goge lambar ku hau titi tare, za ki ga giyar ta dawo har zuwa lokacin da wutar za ta sake kamawa, wannan kaɗai ya isa shaida, giyar da ta mutu ba ta farfaɗowa don an danna maɓalli. In za a gyara a canza duka biyun da 'yar wayarsu lokaci ɗaya don buɗe wurin akwai wahala, kuma a nemi na asali ko na Baljiyam mai kyau, sababbin nan masu arha na cikin farin kwali sati biyu wutar ta dawo.

Ki kuma sa a zaro sandar man giya a ɗiga a kan farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu ba damuwa. In ya yi baƙi yana warin ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, to a nan kam giyar ma tana da nata ciwon. Man da take sha T-IV ne, ba kowane jan mai ba. Sayen giyabos daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba tare da an yi wannan gwajin ba sayen kifi a ruwa ne, a ɗaura miki shi ki biya kuɗin aiki ki hau titi ya ƙi shiga ta huɗun kamar na farko.

Tambaya: Oga ni Pathfinder 2006 gare ni, na buɗe lagireto in ƙara ruwa sai na ga wani abu mai kauri kamar fura da aka dama da jan zoɓo, kuma kwana biyun nan tana ɗan karkarwa in za ta canza giya. In ci gaba da hawa zuwa ƙarshen wata? Daga ma'aikacin ƙaramar hukuma, Zuru.

Amsa: A'a ƙanena, ajiye ta yau ɗin nan, ko gareji ma a ja ta kar a tuƙa. Wannan sanannen ciwo ne na Pathfinder da Xterra daga 2005 zuwa 2010 masu giya otomatik. A cikin lagireton akwai wani bututu da man giya ke bi ya huce, shi ne ke tsagewa, ruwa ya shiga man giya man giya ya shiga ruwa. Ruwa kuwa shi ne ajalin faifan kulocin da ke cikin giya, yana saɓule musu fata, ga shi ƙwaƙwalwar giyar wannan motar a cikin giyabos ɗin take zaune cikin man. Kowace tafiya da ka ƙara kuɗi kake ƙara wa kanka. A sa sabon lagireto, a wanke hanyar ruwa, a juye man giya a zuba sabo a sake juyewa har sai ya fito ja garau, sau uku ko huɗu ma in ta kama, da man Nissan Matic S ko J. Tunda karkarwa kawai ta fara akwai fata, amma ba zan yi maka alkawari ba.

Wanda ke da irin motar nan kuma tasa ba ta kai ga haka ba, ya je a raba man giyar da lagireto a sa masa kula ta daban a gaba, aikin yini ɗaya ne.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne, ina da tsohuwar Prado ta 1999 da muka shiga fadama da ita muna kai taki da injin ban ruwa. Tun da damana ta wuce in munka hau gargada sai in ji ƙwas ƙwas ga ƙafar gaba ta hagu, sitiyari kuma ya yi nauyi shina ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bayanta kuma akwai wani gunji da ka tashi in ta ɗauki gudu. Yaran gareji sunka ce shokozoba ne, munka canza, ƙara na nan. Daga wani dattijo, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ba da amfani mai albarka. Cikin duk wasiƙun watan nan taka ce ta hana ni sukuni, don sauran asarar kuɗi ce, wannan kuwa ta rai ce. Ƙwas ƙwas da nauyin sitiyari da kukan ƙofa, ukun nan in sun haɗu a Prado ta 1996 zuwa 2002 ko 4Runner ta waɗannan shekarun, abin da nake fara zargi shi ne boljoyin na ƙasa, wato gaɓar ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ta ba ta damar juyawa. Yadda aka ƙera ƙafar motocin nan nauyin mota jan boljoyin yake yi kamar zai zare shi daga kwaskonsa, to idan ya cinye ba ya tsayawa yana ta ƙara shekara guda kamar na wasu motoci, fita yake yi ɗungurungum, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya taɓa ganin jif a gefen titi ta durƙusa da ƙafa ɗaya kamar raƙumi za a yi masa lodi, to yawanci wannan ne. In a tafiyar hawainiya ya fita an gode Allah, in a gudu ne sai dai addu'a.

Shiga fadama shi ke gaggauta shi, robar da ta rufe shi ta yage, ruwa da yashi su shiga su wanke giris. Ku ɗaga ta a jak yau, a duba robar, a sa ƙarfe a ƙarƙashin taya a ɗaga a gani ko akwai motsi. Ni dai a mota mai wannan shekarun da ban san ranar da aka canza shi ba ko gwajin ba na jira, canzawa nake yi, hagu da dama, da sababbin kusoshinsa huɗu huɗu. Kuma Baba don girman Allah kar a bari wani ya ce zai buga shi da guduma ya matse ko ya cusa masa leda, ana yi, na gani. Nan wurin ba a neman sauƙi, a sayi na asali ko da za a sayar da buhu biyu.

Gunjin baya kuma, a kwance kusar man aksil a gani. Aksil yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa, in ya yi zafi aka tsunduma shi cikin ruwa sai ya zuƙi ruwan, man ya koma fari fari kamar koko, beyarin ya fara ci. A juye na gaba da na baya da na akwatin ozileri, wato wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a zuba sabo, a bi furofela da giris, in gunjin bai tafi ba to beyarin ya riga ya tafi. Duk ƙarshen damina a riƙa yin haka. Sannan yaran da ke tuƙa muku ita ku ja musu kunne, da an fito daga laka an hau kwalta a mayar da ƙaramar giyar nan kan H, tafiya kan kwalta tana HL ko LL ɗaure ƙafafun take yi har wani abu ya karye. In kuma ta taɓa mutuwa a tsakiyar ruwa kar a yi mata kik, a ja ta waje a cire fulogi a fitar da ruwan tukuna, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Tambaya: Honda Pilot ɗina in ta kwana biyu ba a tada ba sai batir ya mutu, batir na biyu kenan cikin shekara. Daga wani ɗalibi, Jega.

Amsa: Ɗalibi da Pilot, Allah ya sa ta Baba ce. Kafin ka sayi na uku ka samu rewaya mai mita. Batir mai lafiya a kashe yana nuna wajen 12.6, in an tada mota ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba altaneto ne ba ya caji. In yana caji to wani abu ke shan wuta da dare, ka cire kan batir na nagetif ka bar ta kwana biyun, in ta tashi garau ɓarawon yana cikin mota, sai a sa mita a riƙa zare fis ɗaya ɗaya har a kama shi. Yawanci abin da aka ƙara mata ne daga baya, rediyon Android, tiraka, amfilifaya, wani lokacin kuma rilen AC ne ke maƙalewa. Abu ɗaya, kar ka bari a cire kan batir injin na aiki wai ana gwada altaneto, wannan gwajin zamanin Peugeot 504 ne, a motar da ke da birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, ƙona ta yake yi.

Tambaya: Injiniya tun da aka cire tallafin mai jif ɗina ta zame min kishiya, 4Runner ce 2005, shan manta ya ƙaru sosai kuma salansa na yin baƙi. Wani ya ce in cire indomin salansa za ta sha iska ta rage sha, har ya ce zai saya. Daga wani malamin makaranta, Yauri.

Amsa: Malam ai daga "zai saya" ɗin nan ya kamata ka gane inda gizo ke saƙa. Abin nan da ake kira indomi, katalis kenan, akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa shi ya sa ake farautarsa, cire shi ba ya rage shan mai sai dai ya bar ka da wari da wutar cek injin. In ya toshe da gaske alamarsa mota ta kasa gudu ta riƙa nishi a hawa, ba shan mai kaɗai ba.

Daga Mayun 2023 zuwa yau ba wasiƙar da ta fi irin taka yawa, kuma gaskiyar da ba a son ji ita ce injin mai lita 4 ba zai taɓa sha kamar Corolla ba ko waye ya gyara shi. Amma baƙin salansa na nufin tana shan fiye da rabonta. Fara da filtar iska, ƙurar hunturunmu wata biyu ta isa ta toshe ta. Bayanta akwai eyafulo mita mai auna iskar da ke shiga injin, a fesa masa man wankinsa a bar shi ya bushe, ba fetur ba, ba a taɓa siririyar wayar da hannu. A duba fulogi, a duba ko tamostat na nan, in ba ya nan koma ka karanta amsar Alhajin Aliero. A sa na'ura a ga ko oksijin sensa, wanda ke jikin salansa yana auna hayaƙi, na aiki. Bayan tafiya kuma ka kai hannu kusa da kowane rim, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na kamawa, kana jan mota ne da birki a take. Iskar taya ka bi abin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba.

Tambaya: AC ɗina sai an yi ta ƙara gas duk wata, mene ne abin yi? Daga wata uwargida, Kamba.

Amsa: Hajiya gas ba ya ƙarewa don an sha sanyi, yoyo yake yi. A daina ƙarawa a nemo ramin, a fara duba inda mai ya jiƙe ƙura ta manne a jikin kwandensa da bakin tiyo, in ba a gani a nan ba to wataƙila yana cikin dashbod, ki shirya barin motar kwana biyu.